Kama da Wane Ba Ta Wane: Nasiha ga Matashin da Zai Sayi Starlet

Ƴaƴana da ƙannena matasan Maraɗi, Tibiri da Jiratawa: Da yawa daga cikinku a kan babur ɗin kabu-kabu kuka fara neman na kanku, wasu a adaidaita, wasu a yaron mota, wasu kuma a lambu lokacin rani. Kuna tara abin da Allah ya hore, kuna zubin adashi, burinku wata rana ku riƙe makullin mota taku ta kanku. Idan ranar ta zo, sau da yawa motar da aljihun mai farawa yake iya ɗauka ita ce tsohuwar Toyota Starlet. A kanta nake son mu zanta, domin akwai iri biyu nata masu jiki ɗaya da fuska ɗaya, ido ba ya rabe su, amma ƙarfinsu ya bambanta, aikinsu ya bambanta, kuma ya kamata kuɗinsu ma ya bambanta. Wanda ya biya kuɗin wannan aka miƙa masa waccan, gumin shekaru ne ya salwanta a cinikin yini guda.

Ku fara sanin asalin abin da za ku saya. Kamfanin Toyota na ƙasar Japan ya fara amfani da sunan Starlet a 1973. Wadda ta fito a 1978 da tayoyin baya take ja. A 1984 aka fito da mai ja da tayoyin gaba, mai jiki kusurwa-kusurwa kamar akwati. A ƙarshen 1989 sai ga mai zagayayyen jiki, wadda aka ci gaba da ƙerawa har tsakiyar shekarun 1990, kuma ita ce abin maganarmu. Ta ƙarshe ta fito a 1996, aka rufe babin a 1999, Yaris ta gaje ta. Yadda suka cika ƙasarmu kuwa ba ɓoyayye ba ne. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai matsakaicin hali, kasuwar motocin da Turawa suka gama hawa ta buɗe sosai. A wancan lokaci ana sauke su a tashar jirgin ruwa ta Kwatano, a biyo da su ta Paraku da Malanbil, a haye gada zuwa Gaya, daga nan Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, har su iso Maraɗi. A Yamai sun zama tasi, a nan kuma sun shiga haya, sun shiga gidaje. Abin da ya sa aka so su a fili yake: ba su da nauyi, ba su da yawan shan mai, kuma duk bakaniken da ya iya aikinsa zai iya kwance injinsu ya mayar a gindin bishiyar bedi.

Iri biyun da nake nufi su ne wadda kamfani ya sa wa lamba EP80 da wadda ya sa wa EP81. Ta farko tana ɗauke da injin da ake kira 1E, mai girman sisi 999, wato lita 1.0. Ta biyu tana ɗauke da injin 2E, mai sisi 1295, wato lita 1.3. Dukansu silinda huɗu ne, dukansu bawul 12 ne, kuma idan ka buɗe murfin gaba ka kalle su daga sama, sai ka rantse uwa ɗaya uba ɗaya suke. Bambancin yana can ciki inda ido ba ya kaiwa. Faɗin ramin fistan na ƙaramin milimita 70.5 ne, na babban 73. Tazarar da fistan yake hawa da sauka kuwa milimita 64 ce a ƙaramin, 77.4 a babban. Wannan doguwar tazara ita ke ba babban injin ƙarfin ja tun motar tana tafiya a hankali, kafin a taka totur sosai. Ƙaramin yana ba da ƙarfin doki wajen 54, babban kuma wajen 75.

Kada waɗannan alƙaluma su gundure ku, domin a kan hanya ake ganin ma'anarsu. Starlet ba ta kai tan ɗaya ba. Idan ka zuba mata fasinja biyar, ka ɗora buhunan zogale da kwandunan tumatir daga fadamar noman rani ta Jiratawa, ka ƙara mata wani babban kaso na nauyinta a kanta. A nan ne doki ashirin ɗin da ke tsakaninsu yake bayyana. Babbar za ta tashi da lodin, ta hau daga gangaren gulbi zuwa tudu ba tare da ta yi nishi ba. Ƙaramar za ta tashi ita ma, amma sai direba ya danne totur, ya daɗe a giya ta biyu, ya riƙa wasa da kuloci a cikin rairayin unguwa. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, injin da ake tilasta wa irin wannan aiki kullum ba ya daɗewa bai fara zafi ba, ya fara shan baƙin mai, farantin kuloci ya cinye kafin lokacinsa. Ɗan sauƙin man da aka yi tsammani daga ƙaramin inji, lodi ya riga ya haɗiye shi.

Ban ce ƙaramar mummunar mota ba ce. Malamin makaranta da ke zaune a Tibiri yana zuwa aiki cikin gari, shi da iyalinsa kawai, a kan kwalta, ƙaramar ta ishe shi, kuma aljihunsa zai ji daɗinta. Amma wanda zai yi haya tsakanin Maraɗi da Ɗan Isa, ko ya riƙa bin kasuwannin ƙauye da kaya ta wajen Madarumfa, babbar ce abokiyar tafiyarsa. Saboda haka tambayar farko ba ga dillali za ka yi ta ba. Kanka za ka tambaya: wane aiki zan sa motar nan, mutum nawa za ta ɗauka, wace hanya za ta bi? Idan ka amsa wannan tsakaninka da Allah, ka san irin da kake nema tun kafin ka fita daga gida.

To, ta yaya ake rabe su? Abin da matashi ke fara dubawa shi ne rubutun da ke manne a ƙofar baya, inda aka sa 1.0 ko 1.3, wani lokaci da haruffa irin su XL ko XLi. Wannan rubutu roba ce da gam. Ana ɓamɓare ta, ana sayen wata a wurin masu kayan tsofaffin motoci, kuma ko ba da niyyar cuta ba, motar da aka taɓa buga wa baya ana iya sa mata ƙofar wata daban da rubutunta. Haka fitilu, haka bamba, haka kujeru da tayoyi. Mota mafi ƙuruciya a cikin wannan zubi ta kai shekara talatin ko ta kusa, ta ratsa hannu da yawa a Turai da nan gida. Wanda ya je kasuwar dabbobi sayen sa ba ya tsayawa a kan launin fata da kyan ƙaho, bakinsa yake buɗewa ya ƙirga haƙora. Motar ma tana da inda ake buɗewa, kuma wurare uku ne.

Na farko shi ne ɗan farantin ƙarfe na kamfani. Ka ɗaga murfin gaba, ka duba bangon da ya raba ɗakin inji da wurin zaman direba. A nan za ka ga faranti ɗan ƙarami, girmansa bai wuce tafin hannu ba, an kafe shi da ƙusoshi. Galibi ƙura da baƙin mai sun rufe shi, don haka ka tafi da tsumma, ka ɗan jiƙa shi da fetur ka goge. A layin samfurin mota za ka karanta EP80 ko EP81, sai harafin L a bayansu idan sitiyarinta na hagu ne tun daga kamfani, kamar yadda ya dace da hanyoyinmu. Idan ka ga EP82, wannan mai injin 4E ce, mai bawul 16, kuma ana gane ta da faffaɗan murfin inji wanda wayoyin fulogi ke shiga ta tsakiyarsa. Idan ka ga NP80, ta gas ce, mai lita 1.5. Ka dubi ƙusoshin farantin da kyau. Na kamfani a daidaite suke, sun tsufa tare da farantin. Sabuwar ƙusa mai ƙyalli a jikin tsohon faranti tambaya ce da sai an amsa maka ita.

Na biyu shi ne lambar shasi, wadda aka buga a jikin ƙarfen motar kansa, a wannan bango dai. Ita ba a kwance ta da sukudireba. Ka karanta ta harafi-harafi, za ka tarar da EP80 ko EP81 a cikinta, kuma dole ta yi daidai da abin da ke kan farantin. Ka shafa wurin da yatsa. Idan ka ji tudu-tudu, ko ka ga alamar walda a kewaye, ko fentin wurin ya fi na gefensa kauri da sabunta, ka rufe murfin ka yi sallama, komai arahar motar.

Na uku, wanda ya fi su muhimmanci ga aikinka na yau da kullum, shi ne lambar da ke jikin injin. An buga ta a wani ɗan wuri mai sulɓi a gangar injin, galibi ta wajen da inji ya haɗu da akwatin giya, kuma tana farawa da 1E ko 2E. Wurin yana da wuyar gani, sai an sunkuya da fitilar waya, wani lokaci sai an kankare dattin da burushin ƙarfe, a goga alli a kai don haruffan su fito. Dalilin da ya sa na ce ya fi muhimmanci shi ne, faranti da shasi suna faɗa maka yadda motar ta fito daga Japan ne, lambar inji kuwa tana faɗa maka abin da ke cikinta a yau. A cikin shekara talatin, inji nawa ya ƙone aka sauke, aka ɗora wanda aka samu? Akwai EP81 ta gaskiya mai ɗauke da ƙaramin inji, akwai EP80 da aka ɗora wa babba. Sauya inji ba laifi ba ne, sana'a ce da ta rayar da motoci da yawa. Laifin yana wurin ɓoyewa.

Na taɓa zama a wani garaji a nan cikin gari, sai ga wani saurayi ya shigo da Starlet fara, an wanke ta tas, dillali yana gefensa. Fuskar yaron kaɗai ta nuna ya riga ya saye ta a zuciyarsa. Ya durƙusa ya gaida tsohon bakaniken, ya ce, “Baba, ga motar da na faɗa maka. 1.3 ce, ga shi ma a rubuce a baya.” Tsohon bai ko zagaya bayan motar ba. Ya ce a ɗaga murfin, ya ɗora bayan hannunsa a kan injin, ya dubi dillali ya ce, “Alhaji, gobe da safe nake son jin tashinta, tun ba ta ɗumama ba.” Sannan ya kira yaron shagonsa ya kawo burushi da alli. Ya sunkuya ya kankare, ya goga, ya miƙa wa saurayin fitila ya ce, “Zo, ɗana, karanta mini da bakinka.” Yaron ya leƙa, ya daɗe, sannan ya ce a hankali, “1E.” Farantin kuwa EP81 ya nuna. Dillalin ya rantse shi ma haka aka ba shi, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Tsohon bai zargi kowa ba. Cewa ya yi, “Motar lafiyarta lau, amma a yi mata kuɗin abin da ke cikinta.” Abin da ya fi burge ni shi ne da ya sa yaron ya karanta da kansa. Da ya faɗa masa kawai, gobe ma sai ya sake neman wanda zai faɗa masa.

Akwai wani bambanci kuma a cikin masu 1.3 ɗin kansu. Wasu da kafireto suke aiki, wasu da injekta, waɗanda injinsu ake kira 2E-E, kuma su ne galibi ke da ƙaramin harafin i a ƙarshen sunansu. Mai kafireto za ka ga gidan matatar iska zaune a saman injin. Mai injekta za ka ga babban tiyo ya taho daga akwatin matata, da wani bututun ƙarfe mai wayoyi huɗu zuwa silinda huɗu. Mai injekta ta fi tsimin mai, ta fi saurin tashi da sanyin safiya lokacin hunturu, amma tana son mai mai tsabta, da matata mai kyau, da mai gyaran da ya san wuta. Wanda ya saba shan man kwalba a wurin ƴan ruwa-ruwa ya sani wani lokaci akwai ƙura ko ruwa a ciki. Kafireto ana kwance shi a wanke a mayar cikin awa guda, famfon injekta kuwa idan ya mutu sai saye. Shi ya sa za ka tarar da waɗanda aka cire wa injekta aka mayar kafireto. Wannan ma a faɗa maka, kai ma ka duba.

Bayan karatu sai gwaji, domin ba a cinikin biri a sama. A tayar da motar a gabanka tana sanyi. Ka tsaya ta baya ka dubi salansa: hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alamar tana ƙona baƙin mai, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa alamar ruwa na shiga inda bai kamata ba, baƙi kuma alamar man da take sha ya yi yawa. Ka buɗe murfin lagireto kafin ta yi zafi, ka ga ko ruwan ya gauraya da mai. Sannan ka ɗauki abokai uku ko huɗu ku shiga, ku bar kwalta ku bi layin rairayi, ku nemi hawa. Motar da aka gwada da direba shi kaɗai a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya ba ta faɗi komai ba tukuna. Ka leƙa ƙarƙashinta kuma, domin waɗanda suka fito daga ƙasashen da ake watsa gishiri a kan hanya lokacin ƙanƙara, tsatsa ta kan ci su daga ƙasa, a rufe da fenti.

Sai takardu. Lambar shasin da ke kan kartigiriz dole ta zama ita ce ke jikin ƙarfe, ba bambancin ko harafi ɗaya. Haka takardar duwan, haka asirans. Mu mutanen bakin iyaka ne, yau kana Maraɗi gobe kana Jibiya ko Katsina, kuma jandarma ko jami'in duwan da ya ga lamba ta saɓa ba zai saurari labarin wanda ya sayar maka ba. Kai ne a kan sitiyari, kai ne za ka amsa. A rubuta takardar ciniki a gaban shaidu, a sa lambar shasi, a sa lambar inji, a faɗi irin injin da ke ciki. Wanda ya ƙi a rubuta abin da ya faɗa da baki, ya riga ya ba ka amsa.

Amfanin wannan sani bai ƙare ranar saye ba. Ranar da injinka zai buƙaci fistan da zobba, idan ka aika kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ka ce “na Starlet” kawai, abin da Allah ya ba ka shi za a ɗauko, alhali na milimita 70.5 ba ya zama a ramin 73. Kuɗin kaya ya tafi, kuɗin mota ya tafi, motarka tana kwance kwanaki ba ta shigo da ko dala ba. Ku kuma sani tun 2020 Toyota ta dawo da sunan Starlet a kasuwannin Afirka a kan wata sabuwar mota, wadda asalinta Suzuki Baleno ce da ake ƙerawa a Indiya. Suna kawai suka haɗa da tamu. Saboda haka ka rubuta lambar samfurinka da ta injinka a takarda, ka ɗauki hotonsu a waya, duk inda za ka sayi kaya da su za ka yi magana.

Na san abin da ke hana da yawanku yin wannan bincike. Kunya ce. Dillali dattijo ne, ko abokin mahaifinka ne, ko kuwa kana tsoron a ce ba ka san mota ba. Ƴaƴana, ladabi daban, sakaci daban. Kana iya durƙusawa ka gaida mutum, ka kira shi Baba ko Kawu, sannan ka ce, “Don Allah a yi mini izini in kawo maigidana ya duba.” Mai gaskiya daɗi zai ji, domin binciken yana wanke shi. Kuma ka biya bakaniken da ka kawo haƙƙinsa daga aljihunka, kada ya zama yana jiran la'ada daga ɓangaren mai sayarwa. Garaje ma yana cikin abin da ke kayar da matasa. Za a ce maka wani Alhaji yana hanya da kuɗi a hannu. Ƙyale shi ya zo. Motar da ba rabonka ba ce ko ka biya ba za ta zauna ba, kuma Starlet ba ta ƙare a Maraɗi ba.

Wata rana kai ne za ka tsaya a ɗaya gefen cinikin. Motar za ta tsufa a hannunka, ko Allah ya buɗa maka ka nemi wadda ta fi ta, sai wani yaro ya zo da kuɗin adashinsa yana kallonka kamar yadda ka kalli wani a yau. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya kai babin ciniki a littafin Risala ya ji cewa ɓoye aibin kaya da algus haramun ne, kuma mai saye yana da damar mayar da abin da aka ɓoye masa aibinsa. Idan ka sauya inji, ka faɗa. Idan tana zafi a kan doguwar hanya, ka faɗa. Kai da kanka ka ɗaga masa murfin, ka nuna masa farantin, ka kankare masa lambar. Wataƙila abin da za ka samu ya ragu da ƴan jikkuna, amma Maraɗi gari ne na kasuwanci, kuma manyan alhazan da suka yi suna a cikinsa sun yi cinikin dukiya mai yawa a kan amana da magana ɗaya. Wanda aka san shi da faɗin gaskiyar kayansa, masu saye ne ke nemansa har gida, su kuma turo ƴan'uwansu.

Allah ya sa wa nemanku albarka, ya tsare ku a kan hanya, ya haɗa ku da abokan ciniki na gari, ya sa ku ma ku zama na gari ga waɗanda za su saya a hannunku.